Wane ne Derek Parfit, kuma me yake nufi da na'urar tura mutum duniyar Mars?

"Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara sani. Ni ɗalibi ne a aji biyu a jami'a. A wata lacca malaminmu ya ambaci wani Bature mai suna Derek Parfit, ya ce wai mutumin yana ganin ba wani abin damuwa ba ne ko kai ne za ka wayi gari gobe ko wani mai kama da kai. Har ya ba mu misalin wata na'ura da ke tura mutum duniyar Mars. Ni dai abin ya yi mini kama da tatsuniya. Don Allah wane ne shi, me yake nufi, kuma akwai abin da Musulmi irina zai ƙaru da shi a karatunsa, ko ɓata lokaci ne?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Amin, Allah ya yi wa karatu albarka. Tambaya uku ka ƙulle a ƙunshi ɗaya: wane ne mutumin, me ya ce, kuma me zai tsinana maka. Malaminku bai yi masa ƙage ba, ya faɗi abin da ya yi kusa da haka. Jelar maganar aka miƙo muku aka bar kan, shi ya sa ta yi maka kama da gatanan gatananku. Na daɗe ina koyar da wannan babi, kuma ban taɓa shiga ajin da ba a yi dariya a ranar farko ba. A mako na biyu ne dariyar kan ɗauke.

Kafin mu zo kan mutumin, sai ka san gidan da ya fito. Falsafar da ta fi ƙarfi a jami'o'in Ingila da Amurka ita ce wadda suke kira analitik, ni kuwa a aji nakan ce mata falsafar feɗe magana. Ta yi tushe daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, a hannun Gottlob Frege a Jamus, da Bertrand Russell da G. E. Moore da Ludwig Wittgenstein a Cambridge. Ɗabi'arta ita ce a ɗauki tambaya guda, a tsettsefe kalmominta, a jera hujjoji ɗaya bayan ɗaya a sarari, yadda duk mai ja zai iya ɗora yatsa a kan ainihin gaɓar da bai yarda da ita ba. Babban makaminsu kuwa ƙaddara misali: a ce kaza ya faru, me za ka ce? Wanda ya zauna a zaure ya yi babin gado ya san wannan salo. Malaman fiƙihu kan ƙaddara mas'alar da mai yiwuwa har abada ba za a kai ta gaban alƙali ba, don a ga ko ƙa'idar za ta ɗauki nauyi. Na'urar Mars ma'auni ce irin wannan, kuma ko za a taɓa ƙera ta ko ba za a ƙera ba, bai dami Parfit ba.

Mutumin

An haife shi ranar 11 ga Disamba, 1942, a birnin Chengdu na ƙasar Sin. Iyayensa, Norman da Jessie, likitoci ne 'yan Ingila da ke koyar da rigakafin cututtuka a asibitocin mishan. Yana ƙarami ƙwarai suka tattara suka koma gida, suka zauna a Oxford. Ya yi makarantar Eton, inda yake zuwa na ɗaya a kusan kowane darasi in ban da lissafi, kuma a lokacin burinsa ya zama marubucin waƙoƙi. A jami'a tarihi ya karanta, a kwalejin Balliol, ya gama a 1964. Sai da ya je Amurka da tallafin karatu na Harkness, ya zauna a jami'o'in Columbia da Harvard, sannan ya juya wa tarihi baya ya kama falsafa. A 1967 ya ci jarrabawar shiga kwalejin All Souls ta Oxford. Wata irin kwaleji ce da ba ta da ɗaliban digirin farko: a ba mutum ɗaki da abinci da albashi, a ce ya je ya yi ta tunani. Nan ya zauna har ya yi ritaya a 2010, yana leƙa Harvard da jami'ar New York da Rutgers yana koyarwa. Bai yi digirin digirgir ba, hasali ma ba shi da digiri ko ɗaya a falsafa. Nakan gaya wa abokan aikina cewa da takardunsa za mu duba, ko mataimakin malami ba za mu ɗauke shi ba.

Mutum ne mai ban mamaki a zaman yau da kullum. Tufafinsa iri ɗaya ne, farar riga da wando mai duhu, ya saye su da yawa don kada ya ɓata tunani wajen zaɓe. Yana goge haƙori yana karatu, yana tuƙa keken motsa jiki yana karatu. Idan ɗalibi ko abokin aiki ya aiko masa da rubutu, yakan mayar da gyara da sharhi mai tsawon da wani lokaci ya fi rubutun kansa. Abin da ya fi so bayan falsafa ɗaukar hoto ne. Shekara da shekaru yana zuwa Venice a Italiya da St Petersburg a Rasha yana ɗaukar gine-gine, sannan ya biya a goge masa motoci da wayoyin lantarki daga hotunan. Ya auri Janet Radcliffe Richards, ita ma masaniyar falsafa, a 2010, bayan doguwar tarayya. A 2014 aka ba shi kyautar Rolf Schock ta ƙasar Suwidin, ya rasu a Landan a farkon Janairun 2017 yana da shekara 74.

Maƙalar da ya buga a 1971 a kan wannan tambaya taka ce ta fara fito da sunansa. Amma shekara goma suka shuɗe babu littafi, domin mutum ne da ba ya gamsuwa da abin da ya rubuta. Sai da kwalejinsa ta gindaya masa sharaɗi, ko littafi ko ya rasa kujerar dindindin da yake nema, sannan Reasons and Persons, wato Dalilai da Mutane, ya fito a 1984. A kashi na uku na wannan littafi na'urarka take.

Na'urar, da abin da ya fi na'urar

A ce aikinka a duniyar Mars yake. Ka shiga wani ɗaki a nan, ka danna maɓalli. Na'ura ta karance kowace ƙwayar halitta ta jikinka da ƙwaƙwalwarka, ta adana bayanin, ta hallaka jikin, ta aika bayanin ta rediyo. Can a Mars wata na'urar ta ɗebi sabbin sinadarai ta gina jiki sak naka. Wanda ya buɗe ido can yana tuna kokon da ka sha da safe, ya san bashin da ake bin ka, yana son wadda kake so, har ɗan yankan da reza ta yi maka a leɓe yana nan. To, tafiya ka yi ko mutuwa?

A ajina galibi sukan ce mutuwa ce, 'yan kaɗan su ce tafiya. Sai in ƙara musu abin da Parfit ya ƙara. An kawo sabuwar na'ura wadda ba ta hallaka jiki. Ka danna maɓalli, ka fito lafiya lau, ga kuma wancan ya tashi a Mars, har kuna gaisawa ta waya. Sai ma'aikacin wurin ya ja ka gefe ya ce a yi haƙuri, na'urar ta taɓa maka zuciya, nan da 'yan kwanaki za ta tsaya. Wancan na Mars yana lallashinka: kada ka damu, zan riƙe iyalinka, zan ƙarasa littafin da ka fara. A nan waɗanda suka ce tafiya ce sukan yi tsit, don babu wanda wannan lallashi ke sanyaya wa rai. Parfit kuwa ya dage cewa wannan hali bai fi wanzuwa ta yau da kullum muni da wani abin kirki ba. Na san da wuyar haɗiya. Kuma in da misalin na'urar kaɗai ya dogara, da ban ɓata maka lokaci ba.

Hujjarsa mai ƙarfi daga asibiti ta taso. A shekarun 1960 an yi wa wasu masu matsananciyar farfaɗiya a Amurka tiyata, aka yanke igiyar da ta haɗa ɓari biyu na ƙwaƙwalwarsu. Binciken da Roger Sperry da ɗalibansa suka yi a kansu, wanda ya ba shi kyautar Nobel a 1981, ya nuna cewa a wasu gwaje-gwaje ɓari ɗaya kan ga abin da ɗayan bai san an gani ba. An kuma san cewa mutum na iya rayuwa da ɓari guda. Daga nan Parfit ya ƙaddara: a ce ku 'yan uku ne masu kama ɗaya, kai da Hassan da Husaini. Kuka yi hatsari, jikinka ya lalace ƙwaƙwalwarka ta tsira, su kuma ƙwaƙwalensu suka lalace jikkunansu suka tsira. A ce ɓarin ƙwaƙwalwarka biyu daidai suke, kowanne na ɗauke da duk abin da ka sani. Da likita zai dasa ɓari ɗaya a jikin Hassan ya zubar da ɗayan, kusan kowa zai ce kai ne ka farka a gadon asibiti da sabon jiki. To yanzu likita bai zubar ba, ya dasa ɗayan a jikin Husaini, duka biyun suka farka, kowanne na rantsuwa shi ne kai.

Ina kake? In ka ce kana jikin Hassan, me ya fifita shi a kan Husaini, alhali rabon daidai ne? In ka ce kai ne duka biyun, to gobe ɗaya zai tafi Legas ɗaya ya tafi Agadas, su yi aure dabam dabam, wataƙila ma su yi shari'a da juna a kan gadonka, kuma ba a ce wa masu shari'a da juna mutum ɗaya. Saura ka ce ka mutu. Amma dasa ɗaya da ya yi nasara mun ce ka rayu, yaya nasara biyu za ta zama mutuwa? Gaba kura, baya siyaki.

Mafitar Parfit ita ce, kalmar "ni" ba ta iya rabuwa biyu, amma abin da muke damuwa da shi idan muna son mu kai gobe yana iya rabuwa. Abin nan shi ne sarƙar tunani: abin da ka tuna, niyyar da ka ƙulla jiya kake cikawa yau, halinka, abin da ka yi imani da shi, abin da kake ƙauna. A labarin 'yan ukun sarƙar ba ta tsinke ba, reshe biyu ta yi. Ba za a iya cewa ɗayansu kai ne ba, amma ba abin da ya salwanta daga abin da ke sa wanzuwa ta zama abin so. Abin da malaminku ya taƙaita muku ke nan. A ganin Parfit mutum ba wani abu ne na dabam da ke zaune a bayan jiki da ƙwaƙwalwa da jerin tunani ba. Idan ka san duk abin da ya faru da waɗannan, ka gama sanin labarin, ko da tambayar "shin shi ne?" ba ta da amsa. Ya kwatanta da ƙungiya. A ce ƙungiyar samarin unguwarku ta watse, bayan shekaru wasu daga cikinku suka sake kafa ta da suna ɗaya da dokoki ɗaya. Tsohuwar ce ta farfaɗo ko sabuwa ce aka yi? Faɗi wanda ka ga dama, ba wani ɓoyayyen abu da ya rage a gano.

Abin da ya biyo baya ya fi shafar rayuwa. Sarƙar nan tana da ƙarfi da rauni. Tsakaninka da kai na jiya tana da kauri, tsakaninka da yaron da aka kai makarantar allo yana kuka ta sirance. Hausawa na cewa hali zanen dutse, amma su ne kuma ke cewa "ai wane ba wanda ka sani ba ne yanzu", kuma Parfit zai ce magana ta biyun ba salon zance kawai ba ce. Ya kawo labarin wani saurayi ɗan sarautar Rasha a ƙarni na 19, mai tausayin talakawa, wanda zai gaji gonaki masu yawa. Yana tsoron in ya manyanta zuciyarsa za ta bushe, sai ya rubuta takardar mallaka wa manoma gonakin, wadda ba ta warwaruwa sai da yardar matarsa, ya sa ta yi alkawarin ba za ta taɓa yarda ba. Ya ce mata in wata rana na zo ina roƙon ki warware, ki ɗauka ba mijin da kika yi wa alkawari ba ne. Shekaru suka wuce, ya zo yana roƙo. Wa za ta bi? Haka nan tsohon da aka kama da laifin da ya yi yana ɗan shekara ashirin, shin hukuncinsa ɗaya da wanda aka kama da jini a hannu? Ta ɗaya gefen kuma, saurayin da ke lalata huhunsa da taba yana cewa jikina ne, Parfit zai ce masa dattijon da zai yi tarin nan kusan wani mutum ne dabam, kuma ba a nemi izininsa ba.

Shi da kansa ya ce wannan ra'ayi ya sauƙaƙa masa tsoron mutuwa. Ya kwatanta rayuwarsa ta da da tafiya cikin wani dogon rami na gilashi, gudu na ƙaruwa kowace shekara, ƙarshensa duhu. Da ya sauya ra'ayi sai bangon ya ɓace, sauran mutane suka matso kusa da shi. Ya kuma lura cewa Buddha ya riga shi faɗin abin da ya yi kama da haka, har ya kawo nassoshin mabiyansa a ƙarshen littafin.

To, ruhi fa?

Kowace shekara sai wani ya ɗaga hannu ya yi wannan tambaya, kuma ita ce tambayar da ta dace. Parfit ya bar addini tun yana yaro, bai yarda da ruhi ba, wannan kada a ɓoye maka. Amma dubi yadda ya gina hujjarsa. Ya amince cewa in da akwai wani abu mai zaman kansa, wanda ba jiki ba ne ba kuma jerin tunani ba, to tambayar "shin ni ne?" tana da amsa yankakkiya kowane lokaci, kuma tana da muhimmanci. Har ya ce hakan zai iya kasancewa gaskiya, shi dai bai ga shaidar da ta gamsar da shi ba. Ka ga ke nan saɓaninka da shi a gaɓa ɗaya yake, kuma shi da hannunsa ya nuna maka gaɓar. Labarin 'yan ukun bai rushe samuwar ruhi ba. Wanda ya matse shi ne mai cewa mutum jiki ne da ƙwaƙwalwa kawai, amma kuma yana son ya riƙe "ni" guda wadda ba ta rabuwa. Wannan ba shi da wurin tsayawa.

Kada kuma ka ɗauka Turawa ne suka fara wannan fage. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ƙaddara mutumin da aka halitta farat ɗaya yana shawagi a iska, idonsa a rufe, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna, ba ya jin komai. Ya ce duk da haka zai tabbatar da cewa shi yana nan, don haka rai ba jiki ba ne. Salon ɗaya ne da na Parfit, matsayar ce ta saɓa. Imam Ghazali kuma, a littafinsa na raddi ga masu falsafa, ya yi dogon bahasi a kan tashin jikkuna ranar ƙiyama, wanda a ƙarƙashinsa wannan tambaya ce: me ya sa wanda aka tayar shi ne wanda ya aikata? Ni malamin falsafa ne, abin da ya shafi hukuncin aƙida ka kai wa malamanta. Abin da zan iya shaida shi ne ɗaliban da suka yi kokawa da Parfit sun fi iya bayanin abin da suke nufi idan suka ce ruhi. Da yawa sukan gano cewa da can hali da tunani suke kira ruhi ba su sani ba.

A cikin gidansu ma ba a bar shi ya sha ruwa ba. Bernard Williams, a wata maƙala ta 1970, ya riga ya kawo misalin da ke ja ta ɗaya gefen: a ce maka gobe za a azabtar da kai, amma kafin nan za a goge duk abin da ka tuna a sauya maka hali. Tsoron ya tafi? Bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi. Christine Korsgaard ta Harvard ta ce Parfit yana kallon mutum ne kamar abin da ake nazari daga waje, alhali mai jiki ɗaya dole ya zaɓi hanya ɗaya, kuma wannan zaɓin ne ke ɗinke shi ya zama mutum guda. Wasu kuma suka ce hankalinmu bai saba da irin waɗannan misalai ba, don haka abin da muka ji game da su ba abin dogaro ba ne. Nawa ganin, hujjar 'yan ukun tana nan daram, ban ga wanda ya karya ta ba a cikin masu musun ruhi. Amma natsuwar da ya ce ya samu, ban same ta ba, ban kuma ga ɗalibin da ya same ta ba. Shi ma ya yarda cewa ko da hankalinsa ya gamsu, akwai wani lungu na zuciyarsa da shakka ba ta barinsa.

Waɗanda ba a haifa ba tukuna

Da ni ne malaminku, da kashi na huɗu na littafin zan fi daɗewa a kai, don nan ne ya buɗe fagen da kusan babu shi kafin zuwansa. Ya fara da wata gaskiya mai sauƙi: da an ɗauki cikinka wata biyu kafin lokacin da aka ɗauka, ko bayansa, da wani ne aka haifa. A ce likita ya gaya wa mace ta dakata wata biyu kafin ta ɗauki ciki, in ba haka ba yaron zai zo da nakasa. Ta ƙi. Aka haifi yaron da nakasar, amma yana jin daɗin rayuwarsa, bai taɓa cewa gara ba a haife shi ba. Kowa zai ce ta yi kuskure. To wa ta cuta? Ba za ka ce yaron ba, domin da ta dakata, da shi babu shi sam, wani ne zai zo.

Yanzu faɗaɗa abin. Duk wata babbar manufa ta gwamnati tana sauya inda mutane ke aiki, wa zai haɗu da wa, wa zai auri wa, yaushe. Parfit ya tambayi masu karatunsa: mu nawa ne za mu iya cewa ko da ba a ƙirƙiro jirgin ƙasa da mota ba da an haife mu? Nakan ce wa ɗalibaina su tuna cewa jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya biyo baya, mutane suka yi ta ƙaura, sannan kowa ya je ya tambayi yadda kakanninsa suka haɗu. Saboda haka in al'umma ta zaɓi ta cinye dazuzzukanta da ruwanta yau, bayan shekara ɗari biyu waɗanda za su zauna cikin ƙuncin ba su ne waɗanda da za a haifa ba in an yi tattali. Muddin rayuwarsu ta fi babu, ba wanda zai ce an mayar da shi baya. Parfit bai kawo wannan don ya wanke masu ɓarna ba. Ya tabbata laifi ne. Abin da ya nuna shi ne ƙa'idar da muka saba da ita, cewa ba laifi sai an cuci wani takamaimai, ba ta isa ba, ana bukatar wata.

Wajen neman wata ƙa'idar ne ya faɗa rami. In ka ce ƙa'idar ita ce a yawaita jimillar jin daɗi a duniya, ga inda za ta kai ka. Ɗauki duniya mai mutum biliyan 10, kowa cikin wadata da lafiya da ilimi. Ƙara wasu mutane a gefe, rayuwarsu mai kyau ce amma ba ta kai ta na farko ba, kuma ba su rage wa kowa komai ba. Da wuya ka ce an ɓata. Sai a daidaita: na sama su sauko kaɗan, na ƙasa su hau da yawa, kowa ya zama ɗaya, jimilla ta ƙaru. Wannan ma kamar an gyara. Maimaita haka sau da yawa, za ka ƙare da duniya mai mutane ba adadi, kowannensu rayuwarsa da ƙyar ta fi babu, kuma kowane taki da ka yi ya ce maka gaba ta fi baya. Ya sa wa wannan suna Matsaya Abar Ƙyama. Ya nemi ƙa'idar da za ta warware matsalar yaron nan ba tare da ta kai ga wannan ba, ya kira ta Ka'idar X, ya kuma rubuta a fili cewa bai same ta ba. Ina girmama shi a kan wannan fiye da komai. Har yau ana nema, kuma duk mai magana a kan sauyin yanayi da haƙƙin jikoki a jami'o'in duniya ta wannan ƙofa yake shiga.

A shafukan ƙarshe ya jera abu uku: zaman lafiya, yaƙin nukiliya da ya kashe kashi 99 cikin 100 na mutane, da wanda ya kashe kowa. Yawancinmu za mu ce babbar tazara tana tsakanin na ɗaya da na biyu. Shi ya ce tana tsakanin na biyu da na uku, don na ukun ya rufe ƙofa ga duk zuriyar da za ta zo.

Aikinsa na ƙarshe

Sauran rayuwarsa ya ƙarar da ita a kan On What Matters, wato A Kan Abin da Ke da Muhimmanci. Juzu'i biyu suka fito a 2011, shafi wajen 1,400, na uku ya fito a 2017 bayan rasuwarsa. Abu biyu yake son tabbatarwa. Na ɗaya, cewa manyan mazhabobi uku na falsafar ɗa'a, ta Kant, masanin falsafa ɗan Jamus, da ta masu auna aiki da sakamakonsa, da ta yarjejeniya irin ta abokinsa T. M. Scanlon, in aka gyara kowacce za su haɗu wuri ɗaya, kamar masu hawan dutse guda ta fuskoki dabam dabam. Na biyu, cewa kyau da muni gaskiya ne tabbatattu kamar gaskiyar lissafi, ba son rai ko al'ada ba. Misalinsa a nan mutumin da ya damu da duk wani ciwo da zai same shi nan gaba, in ban da wanda zai faɗo ranar Talata. Zai zaɓi azaba mai tsanani ran Talata a kan ɗan ciwon kai ran Laraba. Bai jahilci komai ba, haka kawai yake so. In son rai ne tushen dalili, ba abin da za ka ce masa. Amma kowa ya san mutumin nan ya kauce, don haka akwai dalilin da bai rataya ga son rai ba. Abin ya ci masa rai har yakan ce in ya zama ba haka ba ne, to ya yi asarar rayuwarsa. Ni misalin Talatar ya gamsar da ni. Haɗuwar mazhabobin ce ban yarda da ita ba, domin sai da ya sassaƙe Kant har masu Kant suka daina gane shi, kuma wasunsu sun faɗa masa haka a cikin juzu'i na biyun, inda ya ba su fili su yi masa raddi.

Idan za ka karanta, kada ka fara da wannan, zai karya maka gwiwa. Nemi maƙalar 1971, gajera ce, Turancinta mai sauƙi. Daga nan ka shiga kashi na uku na littafin 1984, sannan na huɗu, ka bar na ɗaya sai daga baya don ya fi tsauri. Ka riƙe biro. Duk inda ya kawo misali ka rufe littafin, ka rubuta taka amsar da dalilinta kafin ka ga tasa. Idan ka iso labarin 'yan ukun, ka rubuto mini a jikin wa ka ce kana, da abin da za ka gaya wa ɗayan.